Ranar da Maiwada Ya Yi wa Dutse Kwalliya

In kana neman mutumin da bai taɓa jin labari ya ce "ikon Allah" ya yi shiru ba, to shiga Ƙarfi ka tambayi gidan Maiwada. Ka ce masa ka ga kabewa mai girman tulu, zai ce wadda ya noma bara sai da aka sa mata gatari. Ka ce ciwon kai ya dame ka jiya, zai ce nasa ciwon kan har maƙwabta sai da suka ji shi. Mutumin kirki ne fa, kada ka ce ban faɗa maka ba, ga kyauta ga zumunci. Bakin nan ne kawai Allah ya ba shi ba linzami.

Yana da ɗan wa, Mannir, wanda ya riƙe tun rasuwar wan nasa, kuma duk duniya babu abin da yake so kamar yaron nan. Mannir ya girma ya zama saurayi mai natsuwa, yana aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. A can ya ga Adesewa, 'yar Alhaji Azeez mai sayen hatsi, Bayaraben da aka haifa a Funtua, wanda in yana Hausa sai ka rantse kakansa ne ya kafa kasuwar garin. Yaro yana so, yarinya tana so, saura manya su shiga. Da yake Maiwada ne baffa, shi al'ada ta ɗora wa zuwa neman aure.

Ranar tafiya Mannir ya bi shi har bakin mota yana roƙo.

"Baffa, don girman Allah, gaisuwa da neman iri kawai. Alhaji mutum ne mai sauƙin kai, amma ya ce komai yana iya haƙuri da shi ban da ƙarya."

"Kai, tafi can! Ni za ka koya wa neman aure? Auren da na nema wa mutane a garin nan, in aka tara 'ya'yan sai an buɗe sabuwar firamare."

Ya tafi da Lawal, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun suna kiwon awaki, mutumin da ba ya bari maganar Maiwada ta wuce bai ɗana mata ƙafa ba.

An karɓe su hannu bibbiyu. Aka kawo shinkafa da nama, aka kawo zoɓo mai sanyi, aka gaisa, aka faɗi abin da ya kawo su. Komai yana tafiya sumul, har Lawal ya fara hamdala a zuci. Sai idon Maiwada ya faɗa kan wani ƙaton hoto a bangon falo. Alhaji Azeez ne da matarsa Hajiya Sekinat a cikin kwale-kwale, kowa sanye da wata kumburarriyar riga ta hana nutsewa. A bayansu ga wasu tsaunuka farare tas, sun miƙe sama dama da hagu, ga ruwa shuɗi yana ratsa tsakiyarsu.

"Alhaji, ina ne nan?"

"Wani gandun shaƙatawa ne na gwamnati, a ƙasar da babban ɗana yake aiki," in ji Alhaji. "Duwatsun nan duka na farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi. Kogi ne ya yi ta cin su har ya yi kwazazzabon da in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensa, hularka sai ta faɗi. Daga ko'ina a duniya ake zuwa kallo."

"Ikon Allah," in ji Lawal da sauri, ya kuma take ƙafar Maiwada da ƙarfi. Ina! Bakin ya riga ya buɗe.

"Af, ashe ƙasar waje ce. Ni ai na ɗauka a bayan gonata aka ɗauki hoton."

Alhaji ya ajiye kofinsa. "A Ƙarfi?"

"A Ƙarfi mana. Namu ma sun fi waɗannan haske. Da rana tsaka ba ka isa ka kalle su ba sai ka kare ido."

"Da kogi?"

"Da kogi, da kwale-kwale, da komai. Don dai mu ba mu son surutu ne shi ya sa duniya ba ta sani ba."

Lawal ya ƙware da zoɓo, sai da aka bubbuga masa baya.

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To madalla. Ni da na sha wahalar jirgi, ashe abin yana nan kusa da gida. Gani ya kori ji, Malam Maiwada. Lahadi ta sama zan zo da iyali mu sha kallo. A can gindin tsaunin zan ba ku amsar maganar yaran nan."

Tun daga tasha Lawal ya fara.

"Maiwada, wane tsauni? Baƙaƙen duwatsun nan uku da kadangaru ke shan hantsi a kai?"

"Baƙi ai shafe ne bai samu ba."

"Kogin fa? Kwarin nan da tunkiya mai ciki take tsallakewa?"

"Ruwa ne bai samu mai tare shi ba."

"Kwale-kwalen fa?"

"Lawal, ka cika tambaya kamar ɗan sanda. Wuce mu tafi."

Da Mannir ya ji yadda aka yi, zama ya yi a ƙasa daɓas, ya dafe kai.

"Baffa, ka kashe ni. Mu koma gobe mu ba shi haƙuri, ka ce wasa kake."

"Haƙurin me? Maganar da na faɗa gaskiya ce, lokacinta ne bai yi ba. Kai dai ka je ka kai ɗinkin angwanci."

Kaka ce, an kusa gama kawar da amfanin gona. Maiwada ya aika gida gida yana kiran gayya. Da yake shi ba ya ƙin zuwa gayyar kowa, kowa ya amsa. Matarsa Shafa'atu ta ɗora manyan tukwane, makaɗi ya zo da gangar noma, maza suka ɗunguma da lauje da magirbi suna zaton ragowar dawa za a girbe. Suna isa suka tarar da gonar fayau, ga Maiwada a gindin dutse da tarin tsintsiyoyi da bokitai da buhunan farar ƙasa.

"Jama'a, ku ajiye lauje. Yau dutse za mu yi wa kwalliya."

Wani dattijo ya matso kusa da Lawal ya ce a hankali, "Tun yaushe abin ya same shi?"

"Tun haihuwa," in ji Lawal.

Amma gayya gayya ce, wanda ya amsa ba ya juyawa. Makaɗi ya saki ganga, yana kirari, "Maiwada mai wankan dutse, na Shafa'atu ba ka raina aiki!" Samari suka ɗare kan duwatsu suna dariya suna shafe. Kafin azahar duwatsu sun yi fari, masu shafen sun fi su fari. Sai dai da rana ta busar da shi, shafen ya fara ɓarewa yana zubowa. Ko tari ka yi kusa da dutse sai baƙi ya leƙo.

"To, sarkin magina, sai yaya?" in ji Lawal.

"Ƙaramin abu. Lokacin da nake birkila a Legas, ni nake haɗa wa Turawa fenti." Bai taɓa wuce Zariya ba, wannan kowa ya sani. "Sirrin gishiri ne da kanwa, sai kuma abu mai danƙo da zai riƙe su."

Ya sa aka juye buhun gishiri, aka daka kanwa aka zuba. Saura abu mai danƙo. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sai ya kama hanyar gida da samari biyu. Shafa'atu ta shiga ɗaki ɗauko kuka, kafin ta fito an sauke tukwanen talgen tuwon gayya an yi waje da su.

Ta biyo su har zaure, mayafi a hannu. "Malam! Tuwon mutane za ka shafa wa dutse?"

"Mutane sun saba cin tuwo, Shafa'atu. Dutsen nan tun da aka halicce shi bai taɓa ɗanɗanawa ba."

"To su 'yan gayyar me za su ci?"

"Ga miya nan, su sha."

Haka aka yi, wallahi. Ranar 'yan gayya miyar kuka suka sha da ludayi suna tsine wa dutse. Amma fa shafe ya kama ƙam, ya yi wani sheƙi da ko Lawal sai da ya ce ba laifi. Gishiri da talge suka ƙare kafin a zagaya baya, saboda haka bayan duwatsun ya zauna baƙi ƙirin yadda Allah ya yi shi. Maiwada ya ce ba komai, baƙo ai gaba yake kallo.

Sai maganar kogi. Kwarin da ke bayan gonar yana da ɗan ruwa mai gudu, ragowar damina, wanda yake gangarawa lambun tumatirin Lawal. Maiwada ya cika tsofaffin buhunan taki da yashi, ya jera su ya toshe hanyar. Ruwa ya taru ya kai ƙirjin mutum, sai dai launinsa sak kunun kanwa. Na hoton Alhaji kuwa shuɗi ne. Maiwada ya bi shagunan Ƙarfi ya kwashe duk bular wankin da ke garin, ya zazzage a ciki, ya sa gora ya dama. Kwaɗi suka fito suna tsalle, kowanne kamar an tsamo shi daga marina.

Washegari Lawal ya zo yana huci.

"Maiwada, tumatirina ya ɗauki azumin da ba a wajabta masa ba. Buɗe mini ruwa!"

"Haba Lawal, auren Mannir fa. Ran Lahadi da la'asar in sakar maka shi, har da riba, shuɗi."

Da aka ambaci Mannir, Lawal ya yi sanyi, don shi ma yana son yaron. Ganin ya yi sanyi, Maiwada ya ƙara da roƙon aron komin shanunsa, wato dogon kututturen nan da aka fafe, wanda shanun huɗarsa biyu suke cin dusa a ciki.

"Me za ka yi da shi?"

"Kwale-kwale."

"Inna lillahi. Ɗauka, ɗauka, kafin in ji abin da ya fi wannan."

Ana cikin haka Abdulmutallib mai shela ya ratsa unguwa yana ɗaga murya. "Mai unguwa yana gaishe ku! Ya ce an gama kawar da amfanin gona! Ranar Lahadi da hantsi, kowa ya saki dabbarsa ta yi kiwo!"

A wajenmu haka ake yi. Da damina ta sauka kowace dabba tana turke, kada ta yi wa wani ɓarna, sai an kwashe amfani sannan a yi shela a sake su rana ɗaya. Mannir da ya ji shelar ya rugo wurin baffansa.

"Baffa, ka ji? Ranar da su Alhaji za su zo ce fa. Ka roƙi mai unguwa a ɗaga zuwa Litinin."

"A ɗaga? Kai yaro ba ka san gandu ba. Gandun da babu namun dawa ai ba gandu ba ne. Wannan Allah ne ya kawo mana su kyauta."

Shafa'atu da ke tankaɗe a tsakar gida ta buɗe baki, ta dubi mijinta, ta mayar ta rufe. Ta ce, "Allah ya kai mu."

Allah kuwa ya kai su. Ranar Lahadi tun da safe Maiwada ya sha farar babbar riga da hula zanna, sannan ya ɗauko jarkoki biyu marasa komai ya ɗaura da igiya, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, wai rigar hana nutsewa ce. In ya yi taku ɗaya sai ka ji kwaram, in ya yi biyu kwaram kwaram. Duk Ƙarfi ta fito, har waɗanda ba su zuwa sallar Idi.

Sai ga bas ta tsaya a bakin gona. Alhaji Azeez ya fito da ƙannensa, Hajiya Sekinat ta fito da gwaggwaronta da sai da ta karkata kai kafin ya wuce ƙofar mota, ga 'yan uwa mata da kulolin abinci, ga Adesewa a baya tana sunkuyar da kai. Mannir yana gefe, bakinsa yana motsi, duk addu'ar da ya sani yake karantowa.

Gaskiya daga nesa abin ya yi kyau. Rana ta bugi duwatsun suna walƙiya. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Ah ah! Alhaji, ashe da gaske ne!" Jin haka Maiwada ya kumbura har igiyar jarka ta yi ƙara.

"Bismillah, ku matso. Wannan shi ne babban tsaunin. In ka hau samansa da safe kana hango Kano."

"Da yamma fa?" in ji Lawal daga cikin taro.

"Da yamma Sakkwato. Yi mana shiru."

Alhaji ya matsa ya shafa dutsen, ya dubi tafin hannunsa, ya kai hanci.

"Malam Maiwada, tsaunin nan naka ƙamshin tuwo yake."

"Albarkar ƙasa ce, Alhaji. Yankin noma ne, har duwatsunmu sun ɗauka."

Wani ƙanen Alhaji ya ɗan lasa yatsa. "Har da gishiri."

"Daidai misali kuwa. Na ƙasar waje ai salam suke."

Hajiya ta nufi zagayawa baya don ta ɗauki hoto. Maiwada ya yi tsalle ɗaya, kwaram, ya tare hanya, hannuwa a buɗe.

"Hajiya, kul! Can ɓangaren kuraye ne."

"Kuraye? Ga yara can suna wasa."

"Sun saba da juna ne."

Ya kora su zuwa bakin kwari. Ya sauka ƙasa ya tsaya a gefen ruwa, kansa yana kusan daidai da ƙafafunsu, ya ce, "Ga kwazazzabon. Ku duba ku gani, in mutum ya ɗaga kai." Ya ɗaga kai, hula ta ƙi faɗuwa. Ya ƙara ɗagawa har wuyansa ya yi ƙara, hula tana nan daram. Sai ya sa ɗan yatsa ya ture ta ta baya. "Kun gani ko!"

Matan Funtua suka fara toshe baki da gefen mayafi. Alhaji dai fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Saura kwale-kwale. Alhaji, bismillah."

"A'a, mai wuri ya fara."

Maiwada ya tattare riga ya shiga komi, ya ɗauki muciyar Shafa'atu, wadda ita ce abin tuƙi. Ya tura ya shiga tsakiyar ruwa. Komi bai san gaba ba bai san baya ba, sai ya kama juyawa wuri ɗaya. Duk juyin da ya kawo fuskar Maiwada wajen baƙi sai ya jefo magana, "Haka ake yi," ya wuce, ya sake zagayowa, "don baƙo ya ga ko'ina," ya sake wucewa.

A nan ne aka ji wata ƙara daga wajen gari, kamar ruwan sama mai ƙanƙara yana tahowa. An saki dabbobi.

To, dabbar da ta yi damina cur a turke tana cin ɗanyar ciyawa, babu abin da ranta yake so kamar gishiri da kanwa. Ga iska tana kaɗowa daga wajen duwatsu uku da aka yi wa wanka da gishiri da kanwa da talgen masara. Ko kallon karan dawa ba su yi ba. Awaki ne a gaba, tumaki na biye, jakuna na kuka, shanu na rufe baya, duk suka miƙe sak sai gandun Maiwada.

Tirƙashi! Taro ya watse. Masu kuloli suka ɗora a ka suka ruga, ƙanen Alhaji ya haye bishiyar ɗorawa da takalmi a ƙafarsa. Awaki suka ɗare duwatsu tun daga gindi har ƙoli, ba ka jin komai sai lasa, sharaf sharaf. Kafin ka ce kwabo babban tsauni ya yi dabbare-dabbare kamar zabuwa. Wani bunsuru da bai samu wuri ba ya bi Alhaji yana lasar hannun da ya shafa dutse. Wata akuya ta kama jelar gwaggwaron Hajiya, ita tana ja akuya tana ja, tana salati da Hausa tana zagi da Yarabanci.

Maiwada yana tsakiyar ruwa yana juyawa yana ihu. "Kada ku ji tsoro! Namun dawa ne! Ku ɗauki hoto!"

"Namun dawan ga igiya a wuyansu!" in ji Lawal, yana riƙe da ciki. "Waccan ja ɗin ma ta Shafa'atu ce!"

"Horar da su muka yi!"

Shanun Lawal biyu su ne suka iso a ƙarshe, duwatsu sun cika babu masaka tsinke. Suka tsaya suna waige waige, sai suka hango kominsu yana yawo a kan ruwa. Komin da suka yi kwana da kwanaki ba su gani ba! Suka gangara kwarin, suka faɗa ruwa, suka nufe shi.

"Lawal! Kira shanunka!"

"Ba nawa ba ne, na gandu ne!"

Sa na farko ya cusa kai cikin komi yana neman dusa, ya tarar da ƙafafun mutum. Na biyu ya zo ta ɗaya gefen ya tunkuɗa. Maiwada ya miƙe tsaye yana kai musu duka da muciya, komi ya kife, tsulum. Jarkoki suka ɗago shi sama yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Shanu suka firgita, suka juya suka bi ta kan buhunan yashi. Buhu ɗaya ya zame, na biyu ya bi shi, sai madatsa ta ɓalle gaba ɗaya.

Ruwan nan ya kwashi shugaban gandu da jarkokinsa da muciyarsa ya yi gangare da su. Jama'a suka bi ta bakin kwari suna gudu suna ihu. Ana jin muryarsa tana nisa, "Wannan ma yana cikin tsarin!" Bai tsaya ba sai tsakiyar lambun tumatir, inda ya maƙale a cikin kwamin shuka, kai a ƙasa.

Lawal ya iso yana haki, ya dubi ruwa yana malala a lambunsa, ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi, ka cika alkawari. Ga ruwa, ga riba, har da ɗan aike."

Aka ciro shi. Farar rigar nan ta koma shuɗiya, gemu shuɗi, kunne shuɗi, ga kwaɗo ɗaya zaune a aljihunsa. Dariyar da aka yi ranar, tsofaffi sun ce ba su taɓa jin irinta ba. Maiwada ya share fuska, ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai yi bayani.

Sai ya hango Mannir. Shi kam ba ya dariya. Yana tsaye can gefe, ya haɗa hannuwa a ƙirji, idanunsa sun kawo ruwa, yana kallon Adesewa da ta juya baya tana share hawaye. Maiwada ya ji wani abu ya soke shi a zuciya. Tausayin yaron ya kama shi, kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake.

Ya taka, kwaram kwaram, har gaban Alhaji Azeez, ya durƙusa a cikin laka.

"Alhaji, dutsen baƙi ne. Kogin kwari ne. Kwale-kwalen na shanun Lawal ne." Ya nuna Mannir. "Amma yaron nan bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ƙaryar da aka raba wa gidanmu ni na kwashe ta duka, ban rage masa ko ƙwaya ba. In hukunci ne a yi mini, kada a hana shi."

Alhaji ya ciro hankici ya goge idanunsa, don shi ma ya sha dariya har da hawaye.

"Malam Maiwada, tun ina saurayi nake zuwa Ƙarfi sayen masara. A kan dutsen nan na sha zama ina jiran mota. So na yi in ga iyakar gudun ruwanka, kuma na gani, har lambu." Aka sake tuntsirewa. Ya ɗaga hannu. "Mannir na bincika, ban ji aibunsa ba. Na ba shi Adesewa."

Shafa'atu ta rangaɗa guɗa. Mannir ya durƙushe inda yake.

"Amma da sharaɗi," in ji Alhaji. "Ranar ɗaurin aure manyan mutane za su zo mini daga nesa. Ba na so su koma gida da labarin cewa surukina ya auri jirgin sama. Neman aure da miƙa sadaki, Malam Lawal zai yi. Kai naka, in liman ya tambaye ka, ka ce 'na karɓa'. Daga shigarka masallaci har a shafa fatiha, in ka ƙara ko tari mai kama da magana, na fasa."

Maiwada ya ɗago kai. "Ko gaisuwa?"

"Da hannu."

"Alhaji, da ka ce ya ɗauke dutsen ya kai Funtua da ka fi yi masa sauƙi," in ji Lawal.

Ranar ɗaurin aure motoci suka yi ta ɗiban mutane daga Ƙarfi. Ba don goro suka je ba, so suke su ga ko Maiwada zai iya. Aka zaunar da shi a sahun gaba, kunnensa har yanzu da sauran shuɗi. Kamar da gayya, wani baƙo da ke kusa da shi ya fara ba da labarin wani ƙaton kifi da ya gani a Lakwaja. Maiwada ya runtse ido. Gumi ya keto masa, leɓɓansa suna rawa, ya damƙe gwiwoyinsa kamar mai naƙuda. Lawal yana gefe da goro guda a hannu, ko da za a buƙaci toshe rami.

Liman ya juyo. "Wakilin ango, ka karɓa wa Mannir auren Adesewa?"

"Na karɓa."

Bakin bai rufu ba. Ya tsaya a buɗe, harshe ya ɗaga. Duk masallaci aka daina numfashi. Maiwada ya waiga, ya haɗa ido da Mannir a can baya, sai ya sa hannunsa biyu ya kama leɓɓansa ya haɗe su da kansa. Haka ya riƙe su har aka shafa.

Ana shafawa ya yi waje, ko takalmi bai tsaya nema ba, ya tari mutanen farko da ya gani.

"Kun ji shirun da na yi? Tun da aka kafa Funtua ba a taɓa yin shiru irinsa ba! Shirun nan har Bakori an ji shi! Liman da kansa ya ce in riƙa zuwa ina koya wa..."

Lawal ya ɗaga goro zai cusa masa. Alhaji Azeez ya riƙe hannunsa.

"Bar shi ya amayar, Malam Lawal. An riga an ɗaura."

Mannir ya ratso taro, yana dariya hawaye na zuba, ya durƙusa ya ajiye wa baffansa takalmansa a gaba. Maiwada ya dafa kansa da hannu ɗaya, bai fasa magana ba.